Yadda Ake Haɗa Sarƙa, 'Yan Kunne da Awarwaro Daga Tsofaffin Kayan Gida

A kusan kowane gida a ƙauyukan Kano da Jigawa akwai wani gwangwani ko ƙullin tsumma a ƙasan adaka da aka zuba tarkace a ciki: anini da kwabo masu huda, wuri, tsinkakkiyar tsakiya (dutsen ado da ake zurawa a zare), ɗan kunne wari ɗaya, makullin kwaɗon da ya daɗe da ɓacewa, maɓallan tsohuwar riga. Daga irin wannan tarkacen ake fitar da sarƙar wuya da 'yan kunne da abin hannu waɗanda ba za a ga irinsu a teburin ɗan koli ba. Aikin ba ya buƙatar wutar lantarki ko walda, mace za ta iya yinsa a tsakar gidanta. Abu biyu ne ke raba aiki mai kyau da aikin banza: ki san abin da ke hannunki kafin ki wanke shi ko ki huda shi, sannan ki ƙarfafa mahaɗa. Tsohon abu in ya lalace ba shi da madadi, sarƙa kuwa daga mahaɗa take tsinkewa.

Kayan aiki

Filaya biyu, aƙalla ɗaya mai siririn baki irin ta masu gyaran rediyo. Ki naɗe bakinsu da salatif ko filasta, don haƙoran filaya suna barin tabo a jikin tagulla. In ɗaya kawai kika samu, ki kafa ƙusoshi biyu a katako kusa da juna, tsakaninsu kamar kaurin tsinken ashana, ki sa a yanke kawunansu. A tsakaninsu za ki riƙa saƙala waya kina lanƙwasawa.

Abin yankan waya. Tsohon abin yankan farce yana yanke siririyar wayar tagulla tsaf, amma kada ki gwada shi a wayar keke, bakinsa zai tafi.

Ƙaramin magagari da sanfefa mai laushi. In babu, dutsen wasa wuƙa da ɗan ruwa zai yi.

Ƙaramar guduma da abin da za ki doka a kai: tsohon dutsen guga a kife, ko gefen gatari.

Sai basilla, allura, almakashi, tef ɗin tela, tsohon buroshin goge baki, mayen ƙarfe na cikin lalatacciyar sifika, ƙusoshi masu inci 3 da inci 4, ashana, faifai da tsohon tawul.

Zare: na ɗinkin takalmi shi ne gaba da kowa, a wurin masu gyaran takalmi ake samu. Zaren fatsa yana da ƙarfi da farko, amma ƙullinsa yana zamewa, rana kuma tana busar da shi ya riƙa karyewa. Zaren keken ɗinki bai dace da wannan aikin ba ko an ninka shi.

Waya: kauri uku kike buƙata. Mai kauri ita ce wayar wutar gida mai zuciya ɗaya da masu wayarin ke kira 1.5, kaurin tagullarta ya kusa milimita 1 da rabi. Da ita ake ƙugiyar sarƙa da awarwaro. Matsakaiciya, mai kamar milimita 1 ko ƙasa kaɗan, don ƙawanya, wato ƙananan zobban haɗa sassan ado; ana samun ta a kwayil ɗin lalataccen janareta ko injin famfo. Siririya ta cikin ƙonanniyar fanka don naɗi kawai, ba ta ɗaukar nauyi.

Kayan wanki: tsamiya, gishiri, tankaɗaɗɗiyar toka, sabulu, kakin zuma, da jan farce marar launi.

1. Nemo kaya, da abin da za ki bari

Ki fara daga gida: iyaye da kakanni, sai dillaliya da ke shiga gida-gida. Bayan haka 'yan koli da masu shimfiɗa tsofaffin kaya a ƙasa ran kasuwa, kamar Wudil ran Juma'a, Dambatta ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis. 'Yan jari-bola suna da makullai da waya da cokula a kan kilo. In an shiga birni, Kasuwar Kurmi ce gidan tsakiya da duwatsu da fata.

Kayan tsohuwa kada ki ɗauka sai kin tambaya, ko da ya shekara talatin a gwangwani. In kuwa ta rasu, ya zama gado, sai magada sun yarda. Abin da aka tsinta a hanya mai daraja, kamar zoben azurfa, cigiya ake yi, ba ado ba.

Waɗannan kuma ki bar su gaba ɗaya:

Dalma. Ƙarfe mai nauyi, mai launin toka, wanda farce ke iya kartawa, in kin goga shi a takarda ya bar zane, dalma ce. Kan batirin mota da nauyin da ake ɗaura wa komar kamun kifi duk ita ce. Guba ce da ke taruwa a jiki, yara ta fi yi wa illa. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gida. Ba ta da wuri a aikin da yaro zai iya kai wa baki.

Idon zakara. Jan ƙwayar nan mai baƙin kai tana da kyau a ido, amma cikinta guba ce mai kisa, kuma huda ta ne ke fito da gubar. Allura ta soke ki a wajen aikin, ko yaro ya tauna guda, an shiga uku.

Kuɗin da ake kashewa yanzu. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana huda ko lalata kuɗin ƙasa, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Ki tsaya ga kuɗin da aka daina kashewa tun zuwan naira da kwabo a 1973.

Laya da duk abin da aka ɗinke rubutu a ciki. Haka abin da aka tono a kufai ko tsohuwar maƙabarta: wannan kayan tarihi ne, doka ta hana cinikinsu, masu kula da gidan tarihi irin Gidan Makama ake sanar wa. Sai wayar da ba ki san asalinta ba. In yaro ya kawo sabuwar waya mai kauri a farashin banza, wataƙila daga turken wuta ko rijiyar burtsatsen wani gari aka yanko ta.

2. Tantancewa

Ki zube kayan a faifai da rana, ki bi da mayen ƙarfe. Abin da ya manne baƙin ƙarfe ne, zai yi tsatsa, ki ware shi. Wanda bai manne ba, ki karce shi kaɗan da magagari a wurin da ba a gani: ja, tagulla ce, rawaya, farar tagulla ce irin ta tasa, fari marar nauyi, sanholo ne, in sama rawaya ce ƙasa kuma wani launi, ruwan zinare aka yi masa, wannan ba a goge shi da komai sai tsumma. Fari mai nauyi da ya yi baƙi-baƙi a lungunansa yana iya zama azurfa. Kada ki yanke hukunci da kanki, ki aika wa maƙerin fari ya duba. Babban tsohon kuɗin nan mai hoton mace da shekarar 1780, na Mariya Tireza, in na gaske ne azurfarsa ta haura kashi 80 cikin 100. Irinsa ba a huda shi. Maƙeri ake kai wa ya yi masa gida.

Anini da ɗari (rabin kwabo) da kwabo na zamanin Turawa su ne suka fi daɗin aiki, domin da hudarsu aka buga su, kuma ba hoton mutum a jikinsu, sai kambi da sunan sarkin Ingila, da tauraro mai tsini shida, yawancinsu har da rubutun Larabci. Aninan farko na 1907 da sanholo aka yi su. Bayan haka aka koma gaurayen tagulla da wani farin ƙarfe mai suna nikel, daga 1952 kuma aka koma ja. Kwabo da ɗari na Tarayyar Najeriya na 1959 su ma jajaye ne masu huda. Ki riƙe wannan bambancin, don farare masu nikel suna sa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje in sun daɗe a kan fata.

Duwatsu kuwa, ki ɗora a kumatu. Dutse da gilashi sanyi gare su, roba babu. Tsakiya ta dutse wuƙa ba ta karce ta, kuma sau da yawa hudarta daga gefe biyu aka yi ta, ba ta miƙe sosai ba. Gilashi za ki ga 'yan kumfa a ciki. Wanda aka yi da hannu, irin na Masaga a Bida, ba a samun biyu masu girma ɗaya cif. In kina shakka, ki ɗumama allura ki taɓa cikin hudar: roba za ta narke ta yi wari. Yawancin abin da ake kira murjani a kasuwa yau gilashi ne ko roba.

3. Wanki

A nan aka fi ɓarna. Kowane abu da irin wankinsa, kuma kada ki yi shi a kwanon da ake cin abinci.

Komai ya fara da ruwan ɗumi da sabulu da buroshi. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Ki zura zare mai kauri cikin hudar kowane dutse ki ja gaba da baya, dattin shekaru zai fito.

Tagulla ja da fara: ki jiƙa tsamiya cikin tafin hannu ɗaya a kofin ruwan ɗumi, ki tace, ki sa gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki tsoma minti 5, ki ciro ki goge, in bai yi ba ki ƙara 5. Kada ki bar shi ya kwana: farar tagulla tana komawa ja-ja mai dabbare-dabbare, rubutun kwabo kuma ya dushe. Ki ɗauraye sosai, ki shanya ya bushe ƙarau. Gishirin da ya saura a lungu shi ke dawo da koren tsatsa bayan sati biyu. A ganina kwabo ya fi kyau in an goge saman rubutun kawai aka bar duhun da ke ƙasa. Shi ke fito da zanen, shi ke nuna tsufansa. Wanda aka goge har ya zama kamar sabo ya rasa abin da ya sa aka neme shi.

Makulli da sauran baƙin ƙarfe: su suna iya kwana a ruwan tsamiya. Da safe ki kankare da buroshi da toka, ki ɗauraye da ruwan kanwa kaɗan don ya kashe tsamin, ki busar a rana mai zafi, ki shafa kakin zuma tun yana da ɗumi. In kin jinkirta, tsatsa za ta dawo kafin la'asar.

Azurfa: laushin toka da ɗigon ruwa a tsumma, a hankali.

Sanholo: sabulu kawai. Kanwa da ruwan toka suna cin sa.

Wuri, murjani, ƙashi da maɓallin kwanson teku: kada tsamiya ko lemun tsami su taɓa su ko kaɗan. Tsami narkar da su yake yi, ƙyallin ya tafi, ya bar su kamar alli, kuma ba ya dawowa. Sabulu da buroshi, sannan ɗan man kaɗanya a tsumma.

Ƙwallon dabino, na magarya, 'ya'yan kuka da na tsamiya: ki tafasa minti 10 don kashe ƙwarin ciki, ki shanya kwana uku zuwa huɗu. Wanda aka zura da danshi fumfuna yake yi a jikin zare.

4. Huda da gyaran baki

Ƙa'idar ita ce: abin da za a iya ratayawa ba tare da huda ba, kada a huda shi.

Wuri ba a huda shi da ƙusa, fashewa yake. Ki jiƙa dutsen wasa wuƙa, ki riƙe wurin ta gefen bakinsa, ki goga ƙusumbin bayansa a kewaye har ƙofa ta buɗe. Ki riƙa ƙara ruwa don kada ki shaƙi ƙurar. Tsofaffin wuri na zamanin da ake ciniki da su, da yawa za ki tarar an riga an fasa bayansu, sai dai ki daidaita bakin.

Siririn ƙarfe, kamar guntun tasa ko kan cokali: ki ɗora a katako mai tauri, ki yi alama, ki doka ƙusa har ƙurji ya fito ta baya, ki juya ki goge ƙurjin da magagari har ƙofa ta bayyana. Wannan ya fi a doka ƙusa ta ratsa gaba ɗaya, don ratsawar tana lanƙwasa ƙarfen ta bar kaifi. Ki bar aƙalla milimita 3 tsakanin huda da baki.

Ƙwallaye: ki sa tsinin wayar keke a garwashi ya yi ja, ki riƙe ƙwallon da filaya, ba da yatsa ba, ki soka daga gefe ɗaya zuwa tsakiya, ki juya ki soko daga ɗayan.

Sakaina mai zane: ki zana siffar da fensir ta ciki, ki yanka da guntun zarton ƙarfe, ki kankare farin cikin bayan kin jiƙa shi, ki goge baki da sanfefa, ki huda da ƙusa mai zafi, nesa da baki kamar kwatan inci. Ki shafa kakin zuma. Man gyaɗa yana jawo kiyashi, kuma yana ɗoyi in ya daɗe.

Fasasshen tangaran mai fure ba ya hudawa a gida. Ki goge bakunansa a jiƙaƙƙen dutse har su daina yanka, ki yi masa ƙananan tsagu huɗu a gefe da kusurwar dutsen, biyu suna kallon biyu, don waya ta sami wurin zama in kin zo naɗi.

5. Shirya waya

Ki feɗe robar wayar gida da reza a tsaye. Kada ki ƙona ta: hayaƙin guba ne, kuma tagullar takan yi baƙi. Wayar kwayil tana da wani shafi mai ƙyalli a jikinta. In bai ƙone ba ki bar shi, shi ke hana tagulla rina fata.

Tagulla tana tauri in ana lanƙwasa ta ko ana dukanta, tana laushi in an gasa ta. Wannan shi ne duk ilmin da kike buƙata a kanta. In waya mai kauri ta ƙi lanƙwasuwa, ki naɗe ta, ki ɗora a garwashi kina fifita har ta yi ja-ja in an duba a inuwa, ki ɗauke da filaya ki jefa a ruwa, sannan ruwan tsamiya ya cire baƙin. Siririyar waya ba a gasa ta, ƙonewa take. Wayar ɗaure rodi da wayar shinge ba sa cikin wannan aikin, tsatsa suke yi.

Ƙawanya: ki naɗa matsakaiciyar waya a jikin ƙusa mai inci 4, zagaye 15 zuwa 20, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa. Ki zare ƙusar, ki yanka a layi ɗaya, kowane zagaye ya ba ki ƙawanya guda. Ki goge bakunan biyu su zama shafaffu, don masu tsini ba sa haɗuwa. Sai ki ɗora kowace a dutsen guga ki ɗan doka sau uku ko huɗu ta yi tauri. Wajen buɗe ta, ki kama gefe biyu da filaya biyu, ki tura ɗaya gaba ɗaya baya. Kada ki ja su hagu da dama: da'irar za ta lalace, ba za ta sake rufuwa daidai ba. In kin zo rufewa, ki ɗan wuce wurin haɗuwar sannan ki dawo, har ki ji bakunan sun goga juna. Ki ɗaga ta a haske; in kin hango rana ta tsakani, zare zai fita ta nan.

Ƙugiyar sarƙa: waya mai kauri inci 2. Ki goge bakuna biyu su yi santsi. Ki yi ƙaramin zagaye rufaffe a gefe ɗaya, ki lanƙwasa ɗaya gefen a jikin biro ya zama ƙugiya, ki ɗan murɗe ƙarshen waje don kada ya kama gashi. Ki doka gwiwar ƙugiyar da guduma har ta ɗan baje. In kin tsallake wannan dukan, ran da yaro ya ja sarƙar za ta miƙe.

6. Sarƙar wuya ta anini da tsakiya

Tsawon da ya fi dacewa da yawancin mata inci 18 ne har da ƙugiya. Mai kama wuya inci 16, wadda za ta sauko kan riga inci 22 zuwa 24.

Ki shimfiɗa tawul a faifai don kada duwatsu su gangare, ki jera komai a siffar sarƙar kafin ki taɓa zare. Abu mafi nauyi a tsakiya: kwabo ɗaya, ko anini uku, ko biyar. Daga nan girma ya riƙa raguwa zuwa bayan wuya, inda ƙananan duwatsu masu santsi za su zauna. Launi kada ya wuce uku. Tsofaffin duwatsu ba sa zuwa daidai wa daida, don haka ki daidaita nauyin hagu da dama, ba kamanni ba. In gefe ɗaya ya fi nauyi, ƙugiya za ta riƙa zagayowa gaba. In tsakiyarki shida ce kawai, kada ki watsa su; ki tara su kusa da kwabon, ki cike sauran da ƙwallaye ko ƙananan duwatsun ɗan koli masu launi ɗaya marar hayaniya.

Rataya kwabo: in kin zura zare ta hudar tsakiya kai tsaye, kwabon zai juya gefe, ba zai kwanta a ƙirji ba. Ki yanki matsakaiciyar waya inci 3, ki zura ta hudar, ki ɗago bakuna biyu zuwa saman kwabon, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Ki matse su a bakin kwabon. Da mai tsawon ki yi zagaye a jikin ƙusa mai inci 3, da gajeren ki naɗe wuyan zagayen sau uku, ki yanke, ki danne tsinin ciki. Zagayen ya kalli gefe, yadda zare zai ratsa shi kwabon yana kallon gaba. In ba waya, ki zarge shi da siririyar jar fata: ki ninka, ki tura ninkin ta huda, ki zura bakunan ta cikinsa ki ja. Tangaran kuma, ki bi tsagun nan da waya ta gicciye gaba da baya, ki gama da irin wannan zagayen a sama.

Zurawa: ki yanki zare ninki biyu na tsawon sarƙar, ki ƙara inci 12, in za ki yi ƙulli tsakanin duwatsu, ki ƙara rabin tsawon kuma. Ki ja shi a kakin zuma sau uku. Ki ninka, ki zarge ninkin a zagayen ƙugiya, sai ki zura bakuna biyun tare. In huda ta ƙi allura, ki shafa wa bakin zaren jan farce, in ya bushe ya zama allurar kansa.

Tsohon gilashi yakan yi kaifi a bakin huda, shi ke cin zare a ɓoye. Ki murza tsinin ƙusa da ɗan ruwa a bakin har ya dakushe, ko ki sa ƙaramin dutse mai santsi a kowane gefe. Duwatsu masu daraja kuwa ki yi ƙulli bayan kowane ɗaya: ki yi ƙullin sako-sako, ki sa allura a cikinsa, ki ja shi da ita har ya manne da dutsen, sannan ki zare allurar ki matse. Ƙullin yana hana su goga juna, kuma ran da zare ya tsinke ɗaya ne zai faɗi, ba duka ba.

Kafin ɗaurin ƙarshe, ki lanƙwasa sarƙar ta yi da'ira. Wadda aka ɗaure a miƙe tana sanƙarewa a wuya, zaren kuma ya wahala. Ki zagaya ƙawanyar ƙarshe, wadda ƙugiya za ta shiga, sau biyu, ki ƙulla sau uku, ki mayar da bakin zaren cikin duwatsu biyu ko uku na baya, ki yanke, ki taɓa da wutar ashana ya dunƙule. Ɗigon jan farce a kan ƙullin ya isa. Sufa gulu yana sa zare ya bushe ya karye, yana kuma barin farin hazo a jikin dutse.

7. 'Yan kunne

Nauyi ne abin lura. Anini bai wuce giram 2 ba, ya yi daidai. Kwabo ya haura giram 7, yana ja wa huda tsawo har ta yage, ki bar shi ga sarƙa. Wuri, maɓalli da sakaina duk marasa nauyi ne.

Abin da zai shiga cikin kunne kada ya zama wayar bola. Ki sayi ƙugiyoyin da ba sa tsatsa a wurin 'yan koli, ko ki kai wa maƙerin fari ɗan kunnen azurfa wari ɗaya ya ja miki siririyar waya. Inci 2 ga kowace ƙugiya: ƙaramin zagaye a ƙasa, lanƙwasa a jikin biro, a goge bakin har in kin ja shi a bayan hannu ba ya karta. Ki lanƙwasa biyun tare a lokaci ɗaya su zo daidai.

Ki haɗa ado da ƙugiya da ƙawanya. In adon ya kalli gefe maimakon gaba, ki ƙara ƙawanya ɗaya, zai juyo.

8. Awarwaron tagulla

Ki gasa waya mai kauri inci 18, ki ninka ta a jikin ƙusar da aka kafa a gungume. Ki ɗaure bakuna biyun a guntun itace, ki ja da ƙarfi kina murɗawa gefe ɗaya. In kin sassauta ja, murɗin zai dunƙule wuri guda. In ya yi daidai, ki ɗora a dutsen guga ki bi shi da guduma a hankali ya ɗan baje. Ki auna wuyan hannu, ki ƙara rabin inci, ki yanke. Ki goge bakunan, ki naɗe kowanne ya koma waje, ki lanƙwasa duka a jikin taɓarya kina bugawa da katako, ki bar ƙofa kamar inci 1. In kina son ado, ki ɗaura wuri uku a tsakiya da siririyar wayar fanka, kowanne zagaye biyar, bakin wayar a ɓoye ƙarƙashin wurin.

Tagulla tana barin kore a fata in an yi gumi, musamman da bazara. Sabulu na wanke shi, amma ki shafa jan farce marar launi ta ciki sau biyu, ki kuma faɗa wa mai saye cewa shafin yana gogewa, sai an sabunta. Haka za ki yi wa bayan farin anini.

9. Gwaji da ajiya

Ki kama sarƙar da hannu biyu ki ja da ɗan ƙarfi. Gara ta tsinke a faifai da ta tsinke a gidan biki. Ki ja tsohon gyale mai laushi a kanta gaba da baya: duk inda ya kama, akwai tsinin da za ki koma ki goge. Sannan ki sa ta wuni guda kina aikin gida, ki ga ko tana juyawa ko tana cizo.

Kada ki yi wa jariri ko ƙaramin yaro irin wannan sarƙar. Ƙananan duwatsu suna shaƙewa, zaren takalmi kuma ba ya tsinkewa in ya sarƙe.

Wajen sa kuɗi, ki lissafa abin da kika kashe da awannin da kika zauna, ki ware tsohon abin da kansa, domin tsakiya ta dutse ba farashinta ɗaya da roba ba. Ki faɗa wa mai saye ko dillaliya kowane abu da sunansa: wannan gilashi ne, wannan tagulla ce, wannan anini ne na shekara kaza.

Kowace sarƙa ta sami 'yar ledarta ko tsummanta daban, a gwangwani mai murfi. Da damina ki jefa ƙullin busasshiyar shinkafa a ciki ya sha danshi, ki riƙa fito da na ƙwallaye da sakaina kina shanyawa duk bayan sati biyu. Turare da man shafawa suna dusar da tagulla da murjani, don haka sai an gama shafa su sannan a sa sarƙa, a kuma cire ta kafin wanka.